Ranar da Lif Ya Tsaya

A Jidda muke, hawa na biyar.
Ranar Talata lif ya ƙi motsi.
Na saɓa buhun shinkafa,
Muzammil ya rataya jakar makaranta,
muka fuskanci matakala.

A hawa na biyu ya zauna.
Shekararsa tara, numfashinsa kamar zugazugin maƙera,
gumi ya jiƙe wuyan rigarsa.
Ya ce, "Baba, ƙirjina."
Ni mai hamsin da ɗoriya
ina tsaye da buhu, ko haki ban yi ba,
sai kunya ta yi mini nauyin da shinkafa ba ta yi ba.

Ina kamarsa, ina Mai Wurno.
Ba mu san sunan abin motsa jiki ba.
Aike ne: kai wa Baffa Tijjani ruwa gonar dawa,
koro awaki, dawo kafin la'asar.
Kogi ne: mu tsunduma daga gaɓa,
mu yi iyo har ido ya yi ja,
Inna Kaltume na jiran mu da tsumagiya,
gudun tsira ma ai gudu ne.
Ƙafa ta haddace karatunta tun tana ƙarama,
har yau tana biya shi,
duk da shekara ashirin a kujerar tasi.

Shi fa, me na koya masa?
Daga sanyin ɗaki zuwa sanyin mota.
Ranar garin nan ba ta wasa da yara, zauna ciki.
Titi na motoci ne, zauna ciki.
Na miƙa masa waya don ya yi shiru.
In na dawo tsakar dare
nakan wanke laifin rashin ganinsa
da soyayyiyar kaza a kwali da lemo mai raɓa.

Bari in faɗi wadda na ɓoye wa likita.
Duk sallah nakan ɗauki hotonsa in aika gida,
kumatu sun cika, wuya ya yi ninki,
don dangi su ce Ilyasu bai tafi a banza ba.
Na rubuta arzikina a jikin yaro,
na bar shi da dakonsa.

Likitar ta auna shi, sai ta dube ni, ba shi ba.
Ta ce jiki ba ya saurin mance abin da ya saba tun farko.
Ba ta yi alkawari ba.
Ta ce gado na da nasa kaso, tukunya na da nata,
amma dai da safe ake kama fara.

To, da safe.
Bayan asuba, bakin teku,
kafin rana ta zare takobinta.
Ranar farko ya ce takalmi na cizonsa.
Ta biyu ya ce cikinsa.
Ta uku ni ne na makara.
Can a mako na uku wata ƙaguwa ta gilma,
ya manta yana fushi da ni, ya bi ta da gudu,
yashi na tashi a bayansa.

Sai wasu yara masu ƙwallo suka rasa mai tsaron gida.
Ɗayansu ya ce, "Ga wanda zai cika raga."
Na ga maganar ta shige shi.
Na buɗe baki, na rufe.
Ya tsaya musu kwana huɗu,
a na biyar ya bar ragar ya shiga tsakiya,
ba wanda ya ba shi izini.

Ma'auni bai sauka sosai ba, ba zan yi ƙarya ba.
An gyara lif tuni.
Amma a hawa na uku muke fita,
sauran biyun na ƙafa ne,
shi ya yanke, ni nake riƙe jaka.

Hoton sallar bana ya fito dishi-dishi,
yaron ya ƙi tsayawa wuri ɗaya.
Haka na aika shi.